Rebiha da Wuyan Sulugi

Duk wanda ya shiga gidan Rebiha karon farko sai ya yi dariya, in mai kunya ne ya haɗiye abarsa. Komai na gidan sanye yake da riga. Tukunyar gas tana da riga ja mai bakin fari. Butar shayi tana da hula har da tuntu. Talabijin, agogon bango, mariƙin ƙofa, ƙafafun tebur, kwalbar man zaitun, kowanne da tasa, duk saƙar kwarashi, duk aikin hannunta. Na taɓa ce mata, "Ke Rebiha, saura tsintsiya ki yi mata wando." Da na sake shiga sai ga tsintsiyar a jingine a lungu da safa a mariƙinta.

Amma rigar sanyin da ke jikinta ta gwanjo ce, irin mai tartsatsin nan in an zo cirewa. A nan Aflu, inda ruwa ke daskarewa a cikin bututu, matar da ta fi kowa sanin ulu tana yawo cikin kayan gwanjo. Dalili ɗaya ne: Rebiha ba ta ɗora saƙarta a kan abin da yake numfashi. Ta yi imani duk mai ran da ya sa aikin hannunta mutuwa zai yi.

Ni ce Fattum, maƙwabciyarta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu tun ranar da aka kawo ni unguwar nan ina amarya, kuma kowa ya san bakina ba ya rufuwa, don haka bari in faɗa yadda abin ya faro.

Lokacin da na zo, ita ce mai hular jarirai. Ba a suna a unguwarmu ba tare da hularta da safarta da 'yar rigar ƙirji ba. Ba ta awo. Sai ta dubi kan uban yaro ta ce, "Ɗan Si Kaddur ne? To bari in ƙaro zare," mata su kwashe da dariya. Ba ta karɓar komai sai faranti guda na tamina, tuwon soyayyen garin alkama mai zuma, ranar suna, shi ma rabinsa a cikina yake ƙarewa. Ta daɗe a ɗakin mijinta Si Tahar ba haihuwa, amma ba ka ganin haka a fuskarta. 'Ya'yan unguwa duka nata ne, tun daga kai har ƙafa.

Sai shekarar tari ta zo. Ƙanƙara ta rufe hanyar Lagwat, babban garin da ke kusa da mu, mota ba ta shiga ba ta fita, wani tari ya shigo gari ya bi jarirai gida-gida. Waɗanda suka tafi, da hular Rebiha a kansu suka tafi. To da hular wa za su tafi, tun da babu jaririn da ba shi da ita? Waɗanda suka rayu ma ai ita ce a kansu. Amma wanda aka yi wa rashi ba ya lissafi irin wannan. Wata tsohuwa mai cuɗa baya a gidan wanka ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma ku duba hular da ke kansu duka." Kafin la'asar maganar ta gama gari. Wata uwa, ba zan kama sunanta ba don ta riga mu gidan gaskiya, ta wurgo hular ɗanta ta kan katanga, ta faɗa cikin ƙwaryar da Rebiha ke murza kuskus. Ina wurin. Rebiha ta ɗauki hular ta karkaɗe garin, ta sa a hanci, ta daɗe a haka.

Mutane sun manta. Mutane ai haka suke, su yi maka tabo su dawo suna tambayarka me ya same ka. Kafin a jima waɗanda suka yi maganar sun dawo ƙofarta suna roƙon hula. Ita ce ba ta manta ba. Ita ta fi kowa yarda da zancen.

Abin da ya fi ciwo, a cikin shekarar nan ce Allah ya ba ta ciki bayan dogon jira. Ta haifi namiji a farkon hunturun da ya biyo baya, aka sa masa Nuri. Ba ta ɗora masa zare ɗaya na hannunta ba. Kayan auduga na kanti ta sa masa, ta naɗe shi da bargo, shi kuwa ɗan banza mai wutsil-wutsil ne, ka rufe shi yanzu ka juyo ya yaye. Ya kai har ya fara murmushi in ya ji muryar ubansa. Sai sanyi ya kama masa ƙirji, ya bi sauran.

Ranar zaman makoki ta riƙe hannuna ta ce, "Fattum, ko ba komai ban ɗora masa hannuna ba. Na tsare shi iyakar iyawata. Wannan daga Allah ne." Da wannan maganar ta tashi, da ita ta ci gaba da tafiya. Na ji ta daga bakinta ranar da Si Tahar ya rasu, na ji ta a bukukuwan sunan 'ya'yana lokacin da nake yi mata magiya ta saƙa musu ko safa ce. Na yi roƙo, na yi zagi, na yi fushi na daina gaishe ta. A banza. Hannunta kuwa bai iya zama haka nan ba, shi ya sa ta koma yi wa tukwane sutura.

Haka muka tsufa, har ranar da ƙanenta Belkhir ya yi sallama da wani abu a naɗe cikin buhu.

Belkhir direban motar tumaki ne, ƙaton mutum mai zuciyar mata. A ƙarshen kaka ya tsaya bakin wata busasshiyar rijiya a fili don ya kama ruwa, sai ya ga sulugi, siririn karen farautar nan, ɗaure da waya a jikin turke. A zamanin iyayenmu ba a sayar da sulugi, balle a yar da shi. A cikin tanti yake kwana, abin da maigida ya ci shi yake ci, in ya mutu har gaisuwa ake zuwa. Yanzu ga 'yan farauta da mota, in ƙafar kare ta fara sanyi sai a ɗaure shi a daji a tafi, Allah ya isa. Wayar ta shige cikin naman wuyansa. Belkhir ya ce da ya zo kwancewa, ko gurnani bai yi ba, kallonsa kawai yake.

"Yaya, ki taimake ni," in ji shi. "A bene nake, kin san halin matata. Ta ce ko ni ko shi."

"Da ta zaɓe shi, ai ya fi ka tsabta," na faɗa daga bakin ƙofa, don na biyo bayansa in ga abin da ke cikin buhun.

Rebiha ta dubi ƙasusuwan da ke kwance a tsakar gidanta ta ce, "Abinci zan ba shi. Iyakarta ke nan. Kada wanda ya ce in raɗa masa suna."

Likitan dabbobi ya wanke ciwon, ya ba da magani, ya warke. Amma gashi bai sake fitowa ba. Wuyan nan dogo, zagaye da faɗin tafin hannu na fata tsirara, jajir. Kunnuwa sirara kamar ɓawon albasa, jiki ba kitse ko na shafawa. Ga shi ba ya shiga ɗaki. Duk yadda aka yi da shi, yana isa bakin ƙofa sai ya toge yana karkarwa, ko me aka taɓa yi masa a bakin wata ƙofar oho. A rumfar itace ya zaɓi kwanciya. Belkhir ya ɗaura masa tsohon bargo a baya, ya rufe haƙarƙari, amma wuya yana waje.

Da ƙanƙarar farko ta sauka sai ya fara tari.

Ina shanya a kan soro na ji shi, busasshen tari ƙarami, ba irin na dabba ba. Na leƙa. Rebiha tana tsaye a tsakar gida da kwanon madara a hannu, madarar tana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Ni ma na san inda na taɓa jin irin tarin nan.

Mun gwada komai. Belkhir ya yanke hannun tsohuwar rigar sanyinsa muka zura masa, zaren roba ne, ya ci fatar har ta fara ruwa. Na kawo gyalena na ɗaura masa. Ƙullin yana taɓa wuyansa ya yi wata irin ƙara, ya yi ta buga kansa da bango sai da muka yanke gyalen da almakashi. Wannan wuya ba zai sake yarda da ƙulli ba har abada. Abin da yake bukata a fili yake: ulun ɗan rago mai laushi, saƙa mai miƙewa da za ta wuce ta kai ta zauna da kanta, ba igiya ba maɓalli. Mu duka mun san mutum ɗaya da zai iya. Ba wanda ya dube ta.

Ita ta kawo dabara. "Zo in koya miki," in ji ta. "In hannunki ne ai ba komai."

Wayyo ni Fattum! Ni da ko maɓalli na ɗinka sai ya kalli gabas. Ta zaunar da ni ta ba ni kwarashi, ta koma gefe ta naɗe hannuwanta a cikin hammata don kada su taɓa zaren.

"Saki zaren mana, ba akuya kike ja ba."

"Na saki."

"Kin saki da yawa! Wannan ramin ai kansa zai wuce ta ciki. Ke shekarun nan duka me kike yi da hannuwanki?"

"Nuna mutane nake yi da su."

Abin da na fitar ya yi tauri, ya tsaya da kansa a kan tabarma. Belkhir ya ɗaga shi ya juya ya ce zai yi kyau a bakin jaki. Muka yi dariya har da ƙwalla, ita ma ta yi. Muna cikin dariyar tarin ya sake tashi daga rumfa, ya daɗe bai tsaya ba. Ranar ko madara bai sha ba.

Washegari da hantsi ta shigo gidana ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Idanunta sun faɗa. Ta miƙo mini guntun zare.

"Je ki auno mini wuyansa. Daga bayan kunne zuwa kafaɗa, sannan zagayen."

"Rebiha..."

"In na bar shi sanyi zai kashe shi. In na saƙa ni zan kashe shi. To gara ya mutu da ɗumi. Je ki, kafin in fasa."

A gabana ta yi aikin, a bakin murhu, da farin ulun da ba a rina ba. Na sha ganin tana yi wa tulu riga tana hira tana kallon talabijin. Wannan dabam ne. Ba ta ɗaga kai ba, leɓɓanta suna motsi da addu'a, kwarashin yana shiga zaren baya na kowane idon saƙa kaɗai, ba ya haɗawa da na gaba, saƙar tana fitowa da kunya-kunya irin na gona. Ta ce haka ne zai sa ta miƙe ta wuce kai sannan ta koma ta kwanta a wuya ba ta matse ba. Ta yi shi da tsawo don a iya jawo shi ya rufe kunnuwa. Da ta zo haɗa bakin biyu ba ta ƙulla ba, sai ta yi ta cusa jelar zaren cikin saƙar har ta ɓace. Na shafa ko'ina ban ji tudu ba.

Saura ido ɗaya ta tsaya ta miƙo mini. "Ke ki rufe. Wataƙila in ajali ya zo ya rasa aikin wace ce."

Na so in yi mata tsiya, na dubi fuskarta na fasa. Na rufe, ya fito a karkace.

Sai kuma batun sawa. Ta ce ni in sa masa. Na nufe shi da abin, ya ja da baya ya shige bayan itace. Belkhir ya gwada, haka. Wadda take ba shi abinci kaɗai ya sani. Sai Rebiha ta durƙusa a kan ƙanƙara da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Ya fito ya miƙo mata dogon bakinsa da kansa. Ta buɗa saƙar da hannu biyu ta zura, ta wuce kunnuwa, ta sauka ta rufe jan tabon. Na ji ta ce masa a hankali, "Ka yafe mini." Shi kuwa ya girgiza kai sau ɗaya, ya yi ajiyar zuciya, ya kwanta.

Hunturun bana ba zan manta shi ba. Kullum da safe, gari ya waye tangaran, sai in ji ƙwanƙwasa a katanga. Ba ta iya buɗe ƙofar ɗakinta sai na hau soro na leƙa rumfar na faɗa mata.

"Yana nan! Hamma yake yi, ɗan hutu!"

Sai in ji sakata ta motsa.

Ta rame. Ta daina saƙa gaba ɗaya, kwarashin yana nan inda ta ajiye shi. Wata rana da azahar muna shan gahawa ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru. "Kin ji?" Ban ji komai ba. Ta ce tari ne, a nan bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa. Na leƙa, sulugin yana can cikin rumfa yana barcinsa, ya dunƙule cikin bargo, farin ulun kaɗai ake gani. Ta zo ta tsaya a bayana tana kallonsa ta ce, "Dubi girmansa in ya naɗe haka." Na ce mata ta yi a'uziyya ta zo ta sha gahawarta. Amma ni ma ban ƙara son zama ina ba ƙofar nan baya ba.

Akwai safiyar da na hau soro na ga iska ta turo ƙanƙara har cikin rumfa, ta rufe bargon. Ba motsi. Na kira, shiru. Ƙwanƙwasar tana ta ƙaruwa a ƙasa. Wallahi na yi niyyar in yi mata ƙarya in ce yana nan, sannan in san yadda zan yi. Sai na cire takalmina na jefa. Tudun ƙanƙarar ya fashe, ga dogon kai ya fito cikin farin ulu yana hararata kamar na ci masa bashi. Na zauna daɓas a kan soro ina kuka ina zaginsa, shi da wanda ya ɗaure shi da wanda ya kwance shi.

Tarin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ya fara cin gurasa da romo, haƙarƙarin ya rufe. Yaran layi, da ke kiranta Halti wato inna, suka riƙa leƙowa suna cewa, "Halti Rebiha, a fito mana da mai rawani." Ƙanƙara ta narke, ruwa ya dawo famfo, ciyawa ta tsiro a fili. Ranar wata Juma'a Belkhir ya ɗauke shi a mota ya kai shi bayan gari, ya dawo yana ihu tun daga bakin layi: wai ya tashi zomo, ya bi shi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Bai kama ba, tsufa ya zo, amma ya dawo da harshe a waje yana haki don zafi, har sai da Belkhir ya zare masa abin wuyan.

Ni kuwa, uwar azarɓaɓi, na shiga madafa na tuƙa tamina, na zuba zuma da man shanu ban ji tausayinsu ba. Na ɗauko faranti na shiga gidanta ina rangaɗa guɗa.

"Fito, 'yar'uwa! Fito ki ga gawar da kika yi, ga ta can tana korar kaji! Hannu mai kisa, an ce! Ina tsohuwar gidan wanka, a tono ta ta zo ta gani! Gobe zan kawo miki jikata ki auna kanta, in kika ce a'a in fasa miki tukunyar gas ɗin nan da rigarta!"

Tana zaune a bakin gado. Abin wuyan yana kan cinyarta, ya yi dauɗa, duk gashin kare. Ta sa hannu a cikinsa tana juyawa. Ba ta yi dariya ba.

"Fattum," in ji ta, "ashe ulu ne kawai."

"To da mene ne? Shekara nawa ina faɗa miki!"

"Ashe ɗumi ne kawai a cikinsa."

Sai a lokacin na gane, ni sakarya. Duk hunturun nan ina murnar za a wanke hannunta, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da zai rage mata in an wanke shi ba. Na ajiye farantin a ƙasa.

"Ajali ne, Rebiha. Waɗanda suka sa ma ai sun tafi. Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani. Ba sabo nake yi ba." Muryarta ba ta rawa, da ma ta yi rawa da ya fi mini sauƙi. "Amma akwai abin da ba ki sani ba. Tun kafin a wurgo mini hular nan, tun ina jiran Allah ya ba ni ciki, na gama saƙa masa komai. Akwati guda, cike. Riguna masu rufe ƙirji, huluna masu kunne, har da ɗan bargo mai maɓalli don kada ya yaye. A ɗakin nan akwatin yake. Ranar da tarin ya tsananta uwar Si Tahar ta ce a buɗe a sa masa, leɓensa ya yi shuɗi. Ta roƙe ni, tsohuwa, har ta kama ƙafata. Sai na hau kan akwatin na zauna. Yana nan kwance inda kike tsaye, yana rawar sanyi, ni kuwa ina zaune a kai ina tsare shi."

Sulugin ya zo bakin ƙofa ya toge inda ya saba togewa, yana kallonmu, jan tabon a waje.

"Kullum safiya kina kan soro ina nan ina roƙon Allah ya raya shi," in ji ta. "Da zuciya ɗaya na roƙa, kuma an amsa mini." Ta ɗago ta dube ni. "Ke da ba ki rasa amsa, faɗa mini. Me zan riƙa cewa yanzu in na tuna Nuri?"